Yadda kuɗin asusunmu ya kai sansanin masu bindiga a Libiya, da yadda munka janye shi

Abin da zan rubuta nan labarin wani asusu ne na 'yan Ader mazauna Yamai, ni ke riƙe da littafin shiga da fitar kuɗinshi tun ranar da anka kafa shi, don haka duk lissafin da za ku gani daga littafin nan na ɗauko. Sunan ƙungiya da na kamfanin da na mutane na bar su, haka munka yi alkawari a taro kafin su yarda in rubuta.

## Mafari, 2016 zuwa 2021

Mu 23 ne, yawanci 'yan kasuwar Katako da Wadata, sai malaman makaranta biyu da sunka yi ritaya, da wani yaro mai karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni wanda ya gaji gurbin mahaifinshi bayan rasuwa. Kowane wata kowa jika 25 na sefa. Ba adashen kwasa ba ne, tarawa muke, in an yi rasuwa ko rashin lafiya ko an kai gawa gida Tawa sai a cira daga ciki.

A Maris 2019 muna da miliyan 14 kwance a banki ba su yin komi. Wani ɗan yankinmu mai kamfanin jigilar mai, tankoki shida, ya zo yana neman masu zuba jari don ya ƙara ƙarfi. Jarin kamfanin gaba ɗaya miliyan 150, mu munka sa miliyan 12, ke nan kashi 8 cikin ɗari, anka rubuta a gaban noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, da sunan shugabanmu. Na duba abin da na rubuta na taron ranar nan, tambayoyi uku kawai anka yi mishi: nawa ce ribar, yaushe ake rabo, in mota ta faɗi wa ke da asara. Maganar inda motocin ke zuwa ba ta taso ba, don kowa ya san daga matatar Damagaram suke ɗaukar mai su kai Konni da Tawa da Yamai.

Rabon 2019 jika 900 munka samu, na 2020 miliyan 1 da jika 400. Na 2021 sai ga miliyan 3 da jika 100. Da anka tambayi manaja, wato ɗan yankin namu mai kamfanin, sai ya ce ya samu "kwangilar arewa", anka yi mishi addu'a, anka tashi.

## Fabrairu 2022, direba ya dawo

Ɗaya daga direbobin kamfanin ƙanen matar ma'ajinmu ne. Ya yi wata bakwai ba a gan shi ba, da ya dawo ya ce shi kam ya bar aikin, ko an ninka mishi albashi ba ya komawa. Ma'aji ya kira ni da shugaba gidanshi bayan isha'i munka zauna da yaron.

Abin da ya faɗa mana: tankoki uku cikin shida ba su cikin Nijar tun farkon 2021, an ba da su haya ga wani da takarda ta kira kamfanin tsaro a kudancin Libiya, aikinsu wai gadin wata tashar mai da hanyar da ke zuwa gare ta. Shi aikinshi ya ɗauko gazuwal ya kai sansanoninsu guda biyu, daga tankar nan ake shayar da motocinsu masu bindiga a baya. A sansani na biyu akwai wani dogon ɗaki na kwano ba taga, ana rufe mutane ciki, da safe a fiddo wasu su yi ta ɗaukar durom da haƙar rami ba a biyansu, da marece a maida su. Duk ɗan Ader da ya taɓa zuwa Sabha ya san sunan irin wurin nan, gidan bashi, inda ake tsare mutum ana dukanshi ana kiran danginshi a waya har su aiko kuɗi.

Ya ce wata rana yana kwance bututun tanka sai wani yaro cikin masu ɗaukar durom ya ji shi yana zagin bututun da Hausa, ya matso kamar zai taimaka mishi, ya cusa mishi wata 'yar takarda cikin aljihu, ya ce "yaya don Allah ka kira babana". Direban ya fiddo takardar ya aje gabanmu kan tabarma, yagen kwalin shayi ne, lambar waya da sunan ƙauye an rubuta da gawayi ko wani abu mai kama da shi, lamba ɗaya ta goge sai da anka yi ta gwadawa. Ƙauyen nan bai kai tafiyar awa ɗaya daga garin shugabanmu ba. Shugaba ya daɗe yana kallon takardar bai ce komi ba, daga baya ya ce in duba littafi in gaya mishi daga wane wata ribar ta fara hawa.

Ga wanda bai san wurin ba: tun faɗuwar Gaddafi a 2011 gadin rijiyoyin mai da hanyoyin kudancin Libiya ya faɗa hannun ƙungiyoyi masu makamai, wanda ke riƙe da ƙofar rijiya shi ke da albashi da kwangila da man da ake fasa-ƙwaurinshi. Yaƙin Ubari tsakanin Tubawa da Buzaye daga 2014 zuwa 2016 dab da Sharara anka yi shi, filin mai mafi girma a ƙasar. Kuma ba wanda ya manta hoton cinikin mutane da CNN ta nuna a Nuwamba 2017. Duk wannan mun san shi kafin direba ya zo, abin da ba mu sani ba shi ne tayoyinmu na ciki.

## Maris zuwa Yuni 2022, hanyar manya

Abu na farko da munka yi shi ne abin da anka saba, anka tada dattawa uku sunka je gidan manaja. Ya karɓe su da girma, ya ce "Baba ni mota na ba da haya, abin da mai haya ke yi da ita ba ni da shi a hannu, kuma da ban ba su ba gobe wani zai ba su". Ya ce direban yaro ne mai tsoro, sun yi faɗa kan kuɗin hanya shi ya sa yake ɓata shi. Ya yi alkawarin zai bincika.

Sau uku ana zuwa cikin wata huɗu, kowane zuwa da shayi da alkawari. Ba a rubuta komi ba, ba a ce mishi ga ranar da muke son amsa ba, kuma dattawan da kansu sun ce kunya ta hana su matsa mishi, don ɗayansu shi ya yi mishi walicci ranar aurenshi. Tankoki uku na nan inda suke.

Ɓangaren yaron mai takarda kuwa direba ya riga ya kira uban tun yana hanya. Sun riga sun san ɗansu na tsare, an nemi jika 600, sun jinginar da gonarsu ta fadama sun aika. Yaron ya fito cikin Mayu ya biyo ta Agadas ya iso gida. Ba mu munka fiddo shi ba, wannan ya kamata a sani.

## Yuli zuwa Satumba 2022, maganar saida kason

Nan ne ƙungiya ta kusa wargajewa. Mutum 14 sunka ce a saida kason namu a wanke hannu, kuɗin jini ne, ko sisi ba su son ya ƙara shiga asusu. Mutum 5 sunka ce ba ruwanmu, kashi 8 ba ya sa mota tafiya ba ya tsaida ta, kuma da kuɗin nan anka yi wa mutum biyu aiki a asibiti. Sauran sunka yi shiru.

Anka nemi mai saye. Sai ɗan karatun shari'a ya nuna mana a takardar kafa kamfanin cewa irin wannan kamfani ba ka saida wa baƙo kasonka sai sauran masu jari sun yarda, kuma manaja da ɗan'uwanshi ke riƙe da kashi 61. Wanda kawai ya fito ya ce zai saya manajan ne da kanshi, ya taya miliyan 8, asarar miliyan 4 ke nan.

A taron Satumba ɗaya daga malaman nan masu ritaya, mutum ne da ba ya rabuwa da rediyo, ya nemi a ba shi magana ya kawo labarin Talisman. Kamfanin mai ne na Kanada da ya shiga Sudan a 1998 lokacin yaƙin kudu, yana da kashi 25 cikin haɗakar da ke haƙar mai, a 1999 man ya fara fita ta Port Sudan kuɗi sunka fara shiga hannun gwamnatin Khartoum. Rahoton da gwamnatin Kanada ta sa anka yi, wanda ya fito a 2000, ya ce jiragen soja sun yi amfani da filin jirgin Heglig na wurin haƙar mai. Coci-coci da asusun fansho a Amurka da Kanada sunka yi ta saida hannun jarinsu suna matsa lamba, har a 2003 Talisman ya saida kasonshi ga kamfanin mai na ONGC na Indiya ya fita. Malam ya ce to mi ya canza ga mutanen da anka kora daga ƙauyukansu? Mai bai daina fita ba ko na kwana ɗaya, sai dai ya koma hannun wanda matsin ba ya kai gare shi. Ya juya ga shugaba ya ce "Alhaji, in munka saida mishi yau, mu mun huta, shi ya samu kasonmu da araha, tankoki na can, kuma babu sauran mai tambayarshi".

Wani ya ce to ai zunubin ya sauka daga kanmu. Liman ɗinmu, shi ma ɗan ƙungiya ne, ya ce hanin da ke farkon Suratul Ma'ida kan taimakon juna a zunubi da zalunci ya hau kanmu tun ranar da munka ji labari, amma ribar da ta riga ta shigo saida kaso ba ya wanke ta, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski. Anka kaɗa ƙuri'a, 13 da 10, anka dakatar da maganar sayarwa na wata shida.

## Oktoba 2022 zuwa Fabrairu 2023, takarda

Daga nan yaron shari'a anka ba ragama, duk da shi ne ƙarami, kuma wasu ba su ji daɗin haka ba.

Ya bayyana mana cewa dokar kamfanoni ta OHADA, wato dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka da Nijar ke aiki da ita, ta ba duk mai jari damar aika wa manaja tambayoyi a rubuce sau biyu a shekara kan abin da ka iya jefa kamfani cikin hatsari, kuma dole ya amsa a rubuce cikin kwana 15. Sannan masu riƙe da kashi 10 na jari suna iya zuwa kotu su nemi a naɗa masani ya binciki wata harka ta kamfanin. Mu 8 gare mu, saura 2.

Takarda ta farko ta tafi 10 ga Oktoba, tambayoyi biyar: ina tankoki uku suke, da wa anka ƙulla kwangilar, ta wace hanya kuɗin ke shigowa, wace inshora ke rufe motocin da direbobinsu a can, kuma mi ya yi tun ranar da dattawa sunka gaya mishi abin da direba ya gani. Tambaya ta biyar da gangan anka sa ta. Yaron shari'a ya ce a Nuwamba 2021 masu gabatar da ƙara na Suwidin sun tuhumi manyan kamfanin mai na Lundin biyu, Ian Lundin da Alex Schneiter, da hannu cikin laifukan yaƙi a Sudan tsakanin 1999 da 2003, ba wanda ya ce sun riƙe bindiga, zargin shi ne sun nemi soja su share musu wurin haƙa alhali sun san abin da hakan zai jawo wa fararen hula. Su dai sun musanta. Amma ya ce mu lura gindin maganar duka shi ne mi ka sani kuma yaushe ka sani, shi ya sa dole ranar da manaja ya sani ta hau takarda.

Amsa ta zo bayan kwana 26, layi bakwai. Amma cikin layi bakwai ɗin ya amsa da hannunshi cewa motocin na Libiya, kuɗin kuma ta hannun 'yan canji suke zuwa, maganar inshora ya tsallake ta. Dalili a fili yake, katin inshorar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ya aiki a Libiya, ke nan rabin dukiyar kamfani na cikin wurin yaƙi babu abin da ke rufe ta.

Wannan munka ɗauka munka kai wa wata Hajiya mai kashi 5, 'yar kasuwar atamfa ce. Sau biyu dattawa sun yi mata maganar gidan bashi a baya ta ce Allah ya kyauta. Ranar da ta ga babu inshora ta ce "ɗana kawo in sa hannu". Munka zama kashi 13. Wani mai kashi 9 ya biyo baya da ya ji Hajiya ta shiga, 22 ke nan.

Cikin wannan lokaci ni da ma'aji munka nemo wasu direbobi biyu da sunka yi aikin, kowane munka zauna da shi daban, na rubuta abin da ya faɗa na karanta mishi ya sa hannu. Ɗayansu ya ƙara da cewa sau biyu an tilasta mishi ɗaukar mutane bisa tanka daga sansani zuwa sansani. A lokacin dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure na aiki a Nijar, ana kama motoci ana ɗaure mutane a Agadas, ba a soke ta ba sai Nuwamba 2023. Ba mu yi wa manaja barazana da ita ba, amma ya karanta bayanin direban kuma ya san dokar.

Takarda ta biyu Janairu 2023, da sa hannun masu kashi 22: ko a kira taron masu jari kafin ƙarshen Maris, ko mu kai buƙatar bincike kotun kasuwanci ta Yamai. Kamfanin na da bashin banki kan tankoki biyu, manaja ya san in magana ta kai kotu bankin zai ji inda jinginarshi take.

## Maris 2023 zuwa yau

An yi taro 18 ga Maris, awa huɗu. Manaja ya yi fushi ya ce 'yan garinsu ne ke tona mishi asiri, ɗan'uwanshi mai kashi 20 shi ya lallashe shi. Abin da anka rubuta: a kawo ƙarshen kwangilar cikin wata uku, ba mota da za ta ƙara ƙetare iyaka sai masu jari sun ga kwangilar da sunan mai hayar, direba na da damar ƙin tafiya ba a kore shi ba, kuma a biya direbobin nan uku bashin albashinsu.

Tankoki biyu sun dawo cikin Yuni. Ta uku masu bindigar sun riƙe ta sun ce diyyar karya kwangila ce, har yau ba ta dawo ba, ke nan tana can tana yi musu aikin da take yi. Rabon 2022 ƙungiya ta ƙi karɓa. Na 2023 jika 300 kawai, ga asarar tanka ga rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yuli. Na 2024 jika 850. Mutum huɗu sun fita daga ƙungiya, biyu don ba a saida ba, biyu don an taɓa musu riba.

Miliyan 3 da jika 100 na 2021 an yi muhawara kanshi, wasu sunka ce a riƙa fansar yara daga gidan bashi, anka ƙi don kuɗin hannun mutanen nan zai koma. Anka fitar da jika 600 anka fanshi gonar fadamar nan anka maida wa uban yaron, sauran anka raba wa mutum tara 'yan yankinmu da sunka dawo daga tsare hannu wofi, kowa ya ja jari.

## Yadda nake ganin abin

Hanyar manya ta faɗi don ba ta bar shaida ba, kuma zumunci ya ɗaure bakin waɗanda anka aika. Wata huɗu ta ci, cikin wata huɗun nan tankokinmu na kai mai kullum, wannan shi ne abin da ya fi ci min rai cikin lamarin duka.

Saida kaso ba na ce kuskure ne a ko'ina ba, in ka gwada duk abin da ke hannunka bai yi ba fita ta wajaba, ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan kamfanoni da haƙƙin ɗan Adam ma haka sunka jera, ka fara matsawa da ƙarfin da kake da shi, in ya ƙi ka duba rabuwa, in kuma da hannunka a ɓarna ka gyara. Mu a Yuli ba mu gwada komi ba sai shan shayi, kuma mai sayen shi ne mai laifin.

Abin da ya yi aiki shi ne takarda mai kwanan wata, da haɗa kaso har ya wuce kashi 10, da kuma gano inda zaluncin ya haɗu da aljihun sauran masu jari. Ba na jin daɗin cewa maganar inshora ce ta motsa Hajiya ba maganar yaran da ke rufe ba, amma haka ya faru, kuma ba don sa hannunta ba da tankoki biyun ba su dawo ba. Alkawari kan kuɗin mai ko babba ne ya yi shi ba ya riƙewa, Bankin Duniya da kanshi ya gani a harkar bututun man Cadi, tun 2000 gwamnatin can ta sayi makamai na dalar Amurka miliyan 4.5 daga kuɗin farko da kamfanonin mai sunka biya, a 2008 bankin ya janye daga harkar bututun.

Laifinmu na farko kuwa yana taron rabon 2021, ribar ta ninka fiye da biyu cikin shekara ɗaya, ni ne na rubuta adadin da hannuna na karanta wa mutane, ban tambayi wace arewa ba. Kuma ba zan ce mun gama ba, tanka ɗaya da kashi 8 nata namu ne tana can, ɗakin kwanon nan ba mu da ikon buɗe shi.

Yanzu da man Agadem ke bin bututu zuwa Seme a Benin tun 2024, kamfanin na neman ƙaramar kwangilar jigila can gabas. Manaja da kanshi ya aiko mana kwafin takardun kafin mu tambaya, yaron shari'a ya karanta ya maida mishi da tambayoyi uku, ɗaya kan waɗanda za su yi wa motocin rakiya a hanya da wanda ke biyansu. Amsar muke jira kafin taron wata mai zuwa.